Sawun da Ya Kauce wa Reshe

Da ƙarfe huɗu na yammacin Laraba aka tarar da akwatin gilashi a buɗe, babu takobi a ciki. Ba a fasa komai ba. Kwaɗon na rataye da mabuɗinsa a jiki, jan ƙyallen da takobin ke kwanciya a kai kuma har yanzu da shatinsa.

Takobin girmamawa ne. Kwalejin na da ƙungiyar 'yan kadet, ɗaliban da ke haɗa karatu da horon soja, kuma duk shekara ranar faretin yaye su akan miƙa takobin ga wanda ya fi kowa, sannan a tura sunansa makarantar hafsoshi. Bana sunan Auta aka kafe a allo. Ita za ta ja fareti ranar Asabar, kuma ita ke riƙe da mabuɗin akwatin, don ita aka ɗora wa goge takobin kullum.

Kafin rabin awa kowa ya zama alƙali a bakin zauren taro. Wasu suka ce mai wanki ne, ai yana shiga ko'ina da ƙullin kaya a ka. Wasu suka ce Dogo ne, ɗan kadet ɗin da tun da aka kafe sunan Auta bai ƙara gaishe ta ba. Ana cikin haka Saje, tsohon sojan da ke koya musu maci, ya durƙusa a ƙofar baya ya dubi ƙasa. An yi ɗan yayyafi da rana, rairayin ya jiƙe, ga sawun takalmin but ya fita raɗau. Ƙarfen dunduniyar hagu ya ɓalle a gefe ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a bayan Auta ya san wannan ƙarfen.

Kyaftin, shugaban ƙungiyar, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Auta, "Ina ba ki zuwa gobe da yamma. In takobi bai fito ba, ba ke ba jan fareti, kuma zan cire sunanki daga takardar da zan aika."

Auta ta ƙame, ta sara, ta ce, "To, Yallaɓai."

Can gefe mai shara na tsaye da tsintsiya. Da ta ji hukuncin sai wani sanyi ya ratsa mata ƙirji, mai daɗi, kafin kunya ta biyo baya ta rufe shi.

Yayar Auta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A aji huɗu ta bar makaranta, lokacin da idon babansu ya fara mutuwa. Maharbi ne, ita ta zama idonsa a daji, yana tambaya tana faɗa, har ta iya karanta ƙasa fiye da yadda ta taɓa iya karanta allo. Auta a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, takan bi ta a baya tana tsalle, tana sa ƙafa a cikin sawunta ɗaya bayan ɗaya. Ita Autar ce aka bari ta yi karatu. Ranar da mai shara ta sami aiki a kwalejin, Auta ta ja ta bayan ɗakin karatu ta ce, "Yaya, don Allah a nan kada ki nuna kin san ni. Yaran nan ba su da kirki." Shekara biyu ke nan. In sun haɗu a hanya Auta kan miƙe wuya kamar mai maci, ta wuce.

Saje ya sa aka ja igiya daga ƙofar zuwa inda ido ya kai, ya kori kowa, sannan ya yafito mai shara.

"'Yata, ke kika gano akuyar mai dafa abinci bara, ko?"

"Ni ce, Baba Saje."

"To ga wata akuyar, mai kube. Bi mini sawun nan." Ya rage murya. "Na san ƙanwarki ce. Kunnuwanku ɗaya, kamar hannun kofi. Abin da kika gani shi za ki faɗa, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba."

Ta sunkuyar da kai. Bai san wanne daga cikin biyun ta fi tsoro ba.

Ta fara daga gaban akwatin. Ƙurar simintin ta nuna mai but ɗin ya daɗe a tsaye, ƙafafu a haɗe, har ya ɗan matsa gaba kamar mai son goshinsa ya taɓa gilashi. A gefe kaɗan akwai wani sawun, na silifas, shi ma ƙafafu a haɗe. Nata ne. Kullum da safe in ta gama share zauren takan tsaya a nan tana kallon takobin, tana ƙiyasta nauyinsa a hannunta. Ta sa ƙafa ta murje shi kafin Saje ya lura.

Daga ƙofar baya zuwa ɗakin kaya, hanya mafi kusa ita ce a ratsa filin fareti. Sawun bai ratsa ba. Ya bi gefen fili, ya karya kwana a kusurwa, ya sake miƙewa. Tsakanin taku da taku duk tsawo ɗaya ne, kamar an auna.

"Wannan tsawon ba zai gaya miki komai ba," in ji Saje. "Da sanda nake auna musu. Dogo da gajere duk taku ɗaya suke yi."

A kusa da bishiyar mangwaro ta tsaya. Akwai reshe da ya gitta hanya a sama, ya fi kan mutum nisa, ko Dogo ɗan sunkuyawa kawai yake yi. Amma a nan sawun ya bar tsakiyar hanya, ya kauce taku uku zuwa dama, ya zagaye, sannan ya koma layinsa. Ta duba ko akwai kwata, ko tururuwa, ko kashin shanu. Babu komai. Ta ce a kawo robobi a kife a kan sawun guda shida.

A barandar ɗakin kaya siminti ya cinye sauran. An riga an birkice ɗakin: ganguna, bindigogin katako, tantuna. Tutar ƙungiya kaɗai ke tsaye a mazauninta cikin doguwar rigarta ta fata. But ɗin Auta kuwa an same shi a kan kanta a barandar ɗakin kwana, inda kowa ke jere nasa in za a tafi lacca, da danshin rairayi a ƙasansa.

Suka fara da mai wanki. Yana guga, bai ko ɗago ba.

"Ni? Saje, me zan yi da takobi? In yanka sabulu?"

"Ka shiga zaure yau?"

"Na shiga da safe na kwashe labule. Ga su can a igiya."

Mai shara ta ce a hankali, "Malam, in za ka ɗakin kaya daga zaure, ta ina kake bi?"

"Ta tsakiyar fili mana. Kullum Saje na yi mini ihu, wai fili mai daraja ne, ba a taka shi sai da fareti. Ni da kaya a ka zan zagaya ƙasa don darajarta?"

Da suka fito Saje ya ce, "Gaskiyarsa. Ɗan kadet ko wuta ce ta biyo shi ba zai ratsa filin nan ba. Na cikinmu ne."

Dogo suka samu a bayan ɗakin kwana yana goge bel. Ya miƙe ya ƙame wa Saje, ya yi wa mai shara kallon sama da ƙasa.

"Ina kake tsakanin ƙarfe biyu da uku?"

"Ban je lacca ba, Saje. Kaina ke ciwo."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kafe allo." Bai yi dariya ba. "Ba zan ɓoye ba, na fi ta harbi, na fi ta gudu. An ce wai ta fi ni iya tafiyar da mutane. To ga shi ta kasa tafiyar da mabuɗi ɗaya. Amma ban taɓa takobi ba. In zan karɓe shi, a gaban mutane zan karɓa."

"Wa ya gan ka a ɗaki?"

"Babu."

Mai shara ta dubi ƙafarsa. Doguwa ce, amma Auta ma Allah ya ba ta ƙafa, tun tana ƙarama ake tsokanarta da ita. Da ɗan matsi zai iya sa but ɗinta. Saje ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

A ɗakin 'yan mata Auta na zaune a bakin gado, ƙawarta Siririya na shafa mata baya. Tun ajin farko suke tare, gado sama da ƙasa. Siririya ce ke riƙe tutar ƙungiya a fareti, yarinya mai sanyin murya da ba a taɓa jin ta da kowa ba.

"Ina kike ajiye mabuɗi?" in ji Saje.

"A cikin but ɗina na hagu, Saje. Kun ce a ɗinke aljihun kaki don ya kwanta, siket ɗin lacca kuma ba shi da aljihu."

"Wa ya sani?"

"Kowa ya sani. Kowa a but yake ajiya."

"Kin je lacca?"

Siririya ta amsa a madadin Auta, "Ta fita bayan minti goma, Saje. Kada ka ga laifinta, ta je bayan ɗakin gwaji ne tana gwada muryar umarni. Ni ma na fito neman ta, ban gan ta ba, na koma." Ta juya ga Auta. "Ki yi haƙuri, gara a faɗi gaskiya."

Saje ya fita. Mai shara ta tsaya tana gyara kwandon shara da ba ya buƙatar gyara. Siririya ta tafi ɗebo ruwa. Sai Auta ta ɗago, idonta jajir.

"Yaya."

Shekara biyu ba ta ji kalmar a cikin kwalejin nan ba.

"Yau kuma na zama Yaya?"

"Wallahi ban ɗauka ba."

"Na sani. Ke ƙafar damarki ciki take kallo, ko Saje bai iya gyara ta ba. Wannan sawun a miƙe yake."

"To ki gaya musu."

"In ce musu me? In ce na san tafiyarta don ni na goye ta? Ai mai shara ba ta san Kwamandar fareti ba."

Ta ɗauki kwandon ta fita, ƙirjinta na zafi. Maganar ta yi mata daɗi a baki, ta kuma bar mata ɗaci.

Washegari da safe aikinta cire yanar gizo-gizo ne a ɗakin kaya. Ta ɗauko doguwar tsintsiyar nan mai gora, ta riƙe ta a tsaye a jikin kafaɗa, ta bi gefen igiya tana tunani. Ba ta ankara ba sai ta ji an fizge ta baya. Kan tsintsiyar ya sarƙe a reshen mangwaro. Ta zare shi, ta matsa dama don ta wuce. Ɗaya, biyu, uku. Ta dubi ƙasa. Ƙafarta na daidai gefen robar da aka kife.

Ta daɗe a wurin. Wata uku ke nan tana share hanyar nan bayan kowane gwajin fareti, kuma kullum akwai sawu ɗaya da ke barin layi a nan. Ba ta taɓa tambayar kanta na wa ne ba.

Babu wanda ya gan ta. In ta yi shiru, da yamma Kyaftin zai zare suna, Auta ta koma gida kamar kowa. Mama za ta daina cewa "'yata soja" a gaban baƙi alhali ita tana zuba musu ruwa. Za su zama daidai, su biyu. Ta riƙe wannan tunanin kamar yadda take riƙe takobin a ranta, ta ji nauyinsa. Sannan ta tuna sawun da ke gaban akwatin, ƙafafu a haɗe, kusa da nata, kamar na 'yan biyu. Ta jingine tsintsiya ta tafi neman Saje.

Da ƙarfe uku Kyaftin ya tara su a ƙofar baya ta zaure: Auta, Dogo, Siririya, da mai wanki da ya ce shi kallo ya zo. Sauran 'yan kadet suka yi cirko-cirko a bayan igiya. An kwashe robobin, an share hanya tas. Saje ya riga ya zana wa Kyaftin yadda sawun yake a takarda.

"Yi magana," in ji Kyaftin.

Mai shara ta matso gaba. "Ranka ya daɗe, so nake kowannensu ya yi tafiya daga nan zuwa ɗakin kaya. In ga takunsa."

"Mai shara ce za ta duba mana maci?" in ji Dogo.

"Kai za ka fara," in ji Saje. "Wuce."

Dogo ya tafi yana huci. Ya bi gefen fili, ya karya kwana, a gindin mangwaro ya ɗan sunkuyar da kai, ya wuce ta tsakiya. Auta ta bi, ta tsakiya ita ma, ƙafar dama na leƙen ta hagu. Mai wanki ya ce, "Ni ma?" ya ratsa fili abinsa, aka yi dariya.

Siririya ta gyara tsayuwa ta tafi. Tafiyarta ta fi ta kowa kyau, kai a miƙe, ido a gaba. Tana kula da kowane taku, ana gani. Da ta kai mangwaro, ba ta ko dubi sama ba, ƙafafunta suka ɗauke ta dama, ɗaya, biyu, uku, ta zagaye, ta koma layi.

Kyaftin ya dubi takardar hannunsa, ya dubi ƙasa.

"Me ya sa kika kauce?" ya tambaye ta da suka isa.

"Na kauce, Yallaɓai?"

Mai shara ta ce, "Ba ta sani ba, ranka ya daɗe. Reshen bai kai kan kowa ba. Sandar tuta kaɗai yake kamawa. Wata uku tana bi nan da tuta, ƙafarta ta haddace."

"Wannan ba shaida ba ce," in ji Siririya, muryarta na nan da sanyinta. "An duba ɗakin kaya, an duba ɗakinmu."

"An duba cikin rigar tuta?" in ji mai shara.

Dokarsu ce, babu mai zare wa tuta riga sai mai riƙe ta, shi ma sai a fili. Jiya sojoji uku suka birkice ɗakin nan, kowanne in ya zo gabanta sai ya sara ya wuce.

"Buɗe ta," in ji Kyaftin.

Siririya ba ta motsa ba. Ya maimaita. Ta shiga, ta kwance maɗaurin, ta ja rigar sama. Takobin na ɗaure a jikin sandar da igiyar but, an naɗe shi cikin tutar.

Auta ta ce, "Ke?"

"Ranar Asabar da safe zan mayar," in ji Siririya. Ba Kyaftin take kallo ba, Auta take kallo. "Ba na son shi. So nake kawai a ba wani, ko Dogo ne. Shekara uku ni ke tashinki da asuba. Ni na koya miki ninke bargo, ni na riƙe miki jaka ranar da kika suma a gudu. Sai aka ba ki fili, ni aka ba ni sanda, aka ce in tsaya taku shida a bayanki. Kin taɓa juyowa?"

Mai shara ta ji kamar daga bakinta maganar ta fito, ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido.

Kyaftin ya sa Saje ya tafi da Siririya ofis. Ya juya ga Auta. "Takobi ya fito, za ki ja fareti. Amma wadda ke kwana a saman gadonki ta kai nan ba ki sani ba. Hafsan soja ba gaba kaɗai yake kallo ba. Ki je ki yi tunani." Sannan ya dubi mai shara. "Ke kuma wa ya koya miki wannan?"

"Babanmu," in ji Auta.

Kawuna suka juya ta ko'ina. Dogo ya dubi kunnen wannan, ya dubi na waccan.

"Yayata ce, Yallaɓai," in ji Auta, tana ƙame, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba don ba a ba ta izinin motsi ba.

Ranar Asabar mai shara ta tsaya a bayan kujerun baƙi. Auta ta aiko mata da katin zama a gaba, ta sa shi a cikin zani ta bar shi a can. Da aka miƙa takobin, rana ta haska a jikinsa, ta ji abin nan ya sake motsawa a ƙirjinta. Bai mutu ba. Ta dai yi tafi har tafin hannunta ya yi ja.

Da aka watse ta share hanyar gefen fili, ta kai tsintsiya ɗakin kaya, ta zauna ta huta. Da ta fito za ta koma, sai ta tsaya. Sawun silifas ɗinta na nan a kan sabuwar shara, a jere tun daga zaure. A cikin kowanne an ɗora sawun but, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, an rage taku don ya yi daidai da nata. Ƙarfen hagu a ɓalle, ƙafar dama na kallon ciki.

Ta bi shi da ido har inda ya ƙare, a bakin baranda. Auta na zaune a wurin da takobi a cinya, ta miƙo mata shi ta wajen mariƙi.

"Yaya, ɗan riƙe mini in kwance igiyar but."

Ta karɓa. Bai kai nauyin da take zato ba.